Jidda ko Dubai: ina ya fi a kai yara kallon kifi a tafiyar Umara?

Yayata da ke aure a Argungu ta kira ni wani dare bayan isha'i. Mun gaisa, na tambayi maigidan da yara, sai ta ce, "Auta, shawara nika so. Kai ka san hanyoyin ga." Maigidanta ya daɗe yana tari don su je Umara da yaransu uku da kuma surukarta, Hajiya. Babban yaron, mai shekara 11, ya ga wani bidiyo a wayar babansa inda mutane ke tafiya cikin wani lungu na gilashi, kifin shak yana wucewa ta saman kawunansu. Tun ranar gida bai huta ba. Wakilin tafiyar da suka je wurinsa kuma ya ce ai da sauƙi, a ƙara kuɗi su biya ta Dubai su kwana biyu, yara su ga babban gidan kifi, sannan a wuce Saudiyya.

Na ce mata, "Yaya, kar ku biya ko sisi tukuna. A Jidda ma akwai gidan kifi, kuma ta nan za ku fita ko kun so ko ba ku so ba."

Na shiga gidajen biyu. Na Dubai na gan shi lokacin da nake zuwa sarin kaya, na Jidda kuwa tare da kawunmu muka je bayan mun gama Umara. Abin da na gaya wa Yaya a daren nan shi nake son faɗaɗawa a nan, domin na san ba gidansu kaɗai ake wannan muhawara ba.

Gaskiya ɗaya ce, wajen girma na Dubai ya yi wa na Jidda fintinkau. Yana cikin katafariyar kasuwar nan ta Dubai Mall, an buɗe shi a 2008, kuma babban tankinsa yana ɗaukar ruwa lita miliyan 10. Don a gane yawan, jarkar mai ruwa ta lita 25 sai an juye guda 400,000 kafin ya cika, ko kuma tankar man fetur mai lita 33,000 fiye da 300. Tsawonsa mita 51, faɗi mita 20, zurfi mita 11. Bangon da ake leƙawa ta cikinsa wata irin roba ce mai kama da gilashi, kaurinta santimita 75, domin gilashin taga ba zai iya tare nauyin wannan ruwa ba. Halittun ciki sun haura 30,000, daga nau'o'i wajen 140, a cikinsu akwai shak da danginsa masu faɗin jiki kamar faifai fiye da 300. Lungun da yaron ya gani a bidiyo shi ne mai tsawon mita 48 da ya ratsa ta ƙarƙashin tankin. A saman bene kuma akwai wani sashe na ƙananan tankuna da sauran dabbobin ruwa, har da wani ƙaton kada da aka kawo daga Ostareliya a 2014, tsawonsa ya wuce mita 5. Mu da muka taso muna jin labarin kadojin gulbi, wannan kadan sai ka tsaya ka yi tasbihi.

Wani abu da wakilan tafiya ba su cika faɗa ba shi ne, babban bangon nan ana ganinsa kyauta. Kana cikin kasuwar kana yawo sai ka iske shi a gabanka, mutane sun yi cincirindo suna ɗaukar hoto. Tikiti na shiga lungun ne da hawa sashen sama, kuma hawa-hawa ne: akwai na shiga kawai, akwai wanda ya haɗa da kwalekwale mai gindin gilashi, akwai na shiga ruwan cikin keji. Duk wanda ya riga ya sami kansa a Dubai don wata hidima, to ba shi da hujjar rasa wannan kallo, ko da aljihu ya yi sanyi.

Na Jidda, wanda ake kira Fakieh Aquarium, ƙarami ne idan aka jera su. Yana bakin teku a arewacin birnin, kan titin nan da suke kira Kurnish, an buɗe shi a 2013. Nau'o'in halittunsa sun kai 200, kuma mafi yawansu daga Bahar Maliya suke, wato tekun da ke bayan ginin. Shi ma yana da nasa lungun gilashi da shak ke wucewa, sai dai gajere ne. Yana kuma da wasan dolfin da zakin teku a wani zaure na daban, a lokuta ƙayyadaddu. Awa ɗaya da rabi ta ishi mutum ya zagaye, in an haɗa da wasan a ce awa biyu da rabi.

To me ya sa na ce Jidda?

Da farko dai a duba taswira. Daga Kano zuwa Jidda tafiyar kusan awa biyar ce a jirgi, kuma ana samun mai zuwa kai tsaye. Dubai tana can gabas, bayan an tsallake Saudiyya gaba ɗaya. Wanda zai bi ta can sai ya wuce inda za shi, ya sauka, sannan ya sake hawa wani jirgin na kusan awa uku ya dawo baya. Ga Hajiya da ciwon gwiwa, ga auta 'yar shekara huɗu. A lissafa tafiyar mota daga Argungu zuwa Birnin Kebbi, daga nan zuwa garin da za a hau jirgi, kafin ma a fara maganar sama. Ƙarfin da ya kamata a ajiye wa ɗawafi da sa'ayi shi za a ƙarar a filayen jirgi.

Sai biza. Wanda ke da bizar Umara yana iya zuwa Jidda ba tare da wata sabuwar takarda ba. Dubai kuwa wata ƙasa ce, sai da bizarta, kowane kai da kuɗinsa. 'Yan kasuwarmu ba su manta da 2022 ba, lokacin da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina ba 'yan Najeriya biza, jiragen Emirates ma suka daina zuwa. Sai a 2024 aka sake buɗewa, jirgin ya dawo Legas ranar 1 ga Oktoba, kuma sharuɗɗan da aka dawo da su sun fi na da tsauri. Ƙa'idar tana sauyawa, don haka duk wakilin da ya ce maka "ba matsala" ka ce ya nuna maka sharuɗɗan da ake kai a wannan watan, a rubuce, ya kuma gaya maka abin da zai faru da kuɗin otal da na jirgi idan aka hana mutum ɗaya daga cikin shida. Na taɓa ganin iyalin da aka ba uwa da yara aka hana uban, tafiyar ta rushe, kuɗi suka maƙale wurin wakili wata da watanni.

Maganar kuɗi ba sai an ja ta ba. Riyal da dirhami kusan kai ɗaya suke, dala ɗaya tana riyal 3.75, tana dirhami 3.67, saboda haka duk farashin da ka gani a ɗayan kana iya auna shi da ɗayan kai tsaye. Tikitin Dubai ya fi tsada nesa, amma ba shi ne ke karya mutum ba. Otal na kwana biyu, abinci, tasi, biza shida, sannan ita kanta kasuwar mai shaguna sama da 1,200, wadda sai ka ratsa ta kafin ka kai ga kifin, ka sake ratsa ta kafin ka fita, da yara uku a hannu. A Jidda abin da za a ƙara a kan kuɗin Umara shi ne tikiti da kuɗin mota da na abincin rana.

Amma dalilin da ya fi zauna mini a rai ba na aljihu ba ne, kuma shi na fi daɗewa ina yi wa Yaya bayani.

Mu mutanen Kabi mun san kifi. Yaron Argungu kafin ya shiga firamare ya san bambancin tarwaɗa da ƙurungu, ya san gargaza, ya san kada ya taɓa minjirya don tana da lantarki, ya ji labarin gaiwa da ke kwanciya cikin laka ta jira damina. Bikin kamun kifi da ake yi a gulbin Matan Fada na Argungu tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar da ta tabbatar da zaman lafiya tsakanin Sakkwato da Kabi, ya kai har hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake karewa a 2016. A bikin 2020 kifin da ya zo na ɗaya kilo 78 ne. Duk da haka, a ina muke ganin giwan ruwa? A kan sikeli, an ɗaure shi da igiya, ko a kafaɗar mutum huɗu. Ruwan gulbinmu jawur yake da laka, ko Basarken da ya nutse da gora da homa da hannu yake lalube, ba da ido ba. Mun gaji sanin kifi kaka da kakanni, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa ganin yadda yake tafiya a gidansa, yadda yake buɗe kunnuwa yana shaƙar ruwa, yadda yake tsayawa cak a tsakiyar ruwa ba ya sama ba ya ƙasa.

Kawunmu ya yi sana'ar su shekara fiye da 40. Ranar da muka shiga gidan kifin Jidda, ya tsaya gaban wani tanki da ke da wani jibgegen kifi mai faɗin baki, wanda Larabawa ke kira hamur. Ya yi shiru har na ɗauka gajiya ce. Can sai ya ce, "Ɗana, wanga ai giwan ruwa na, riga kawai ya sake. Dubi yadda shika laɓewa gindin dutse shina jiran ƙanana." Ya kwashe kusan minti ashirin a wurin. Ya nuna mini yadda kifin ke motsa fikafikan gefe a hankali don kada ruwa ya ja shi, ya ce shekara arba'in yana jin wannan motsi a tafin hannunsa cikin duhun ruwa, yau ne ya fara ganinsa. Da muka zo wurin masu faɗin jiki da doguwar wutsiya, ya ce ya taɓa jin masuntan Binuwai suna kiran irinsu kunamar ruwa, saboda ƙarin da ke wutsiyar.

Irin wannan tsayuwa ita ce amfanin gidan kifi, kuma ƙaramin gida ya fi ba da ita. Babban tankin Dubai yana cika ido har mutum ya rasa abin da zai kalla. Dubban kifaye suna kai da kawowa, jama'a na turowa ta baya, kowa ya ɗaga waya. Yaro zai fito yana cewa ya ga shak, kuma ya gani ɗin, amma in ka tambaye shi baki nawa ko fiffike nawa sai ya yi shiru. A Jidda tankuna da yawa ƙanana ne, daidai tsayin yaro, kifi biyar ko goma a ciki, ga suna a jikin allo da Larabci da Turanci. Yaron da ke zuwa Islamiyya zai iya haɗa baƙin ya karanta da kansa.

Akwai kuma darasin da ke fitowa da kansa idan an fito waje. Tekun da aka ɗebo kifayen yana nan a gabanka. Bahar Maliya na cikin tekuna mafiya gishiri a duniya, kusan giram 40 a kowace lita, alhali yawancin tekuna 35 ne. Dalilin kuwa, babu wani kogi mai gudu duk shekara da ke zuba a cikinta, ruwan sama kaɗan ne, rana kuma tana ta ƙafar da ruwan tana barin gishirin. Rashin kogin nan ne ma ya sa ruwanta garau yake, babu laka, har murjani ya sami hasken da yake buƙata. Yara kan yi mamaki idan aka ce musu murjani halitta ce mai rai, ba dutse ba. Daga nan sai tambayar da kowane yaron gulbi zai yi: in aka kawo tarwaɗarmu aka saka a nan fa? Amsar ita ce ba za ta rayu ba, gishirin zai zuƙe ruwan jikinta, kamar yadda kifin murjani ba zai kwana a Gulbin Kabi ba. Ga shi kuma wannan teku ce aka tsaga wa Annabi Musa, alaihis salam, a fahimtar malamai da yawa, kuma ita ce kakanninmu suka tsallaka a jirgin ruwa daga gaɓar Sudan lokacin da ake zuwa Makka a ƙasa. Hajiya za ta sami abin ba jikokinta labari a bakin ruwan nan fiye da duk abin da zan iya rubutawa.

Ba zan ɓoye inda Jidda ta gaza ba. Yaron da ya riga ya ga bidiyon Dubai yana iya cewa, "Wannan ne?" Gara a gaya masa tun daga gida cewa wanda za a je ƙarami ne, amma akwai shak kuma akwai lungun. Babu ƙaton kada, babu kwalekwale a saman tanki. Wasan dolfin kuma, yara suna sonsa ƙwarai, akwai kiɗa da tafi da ihu, wanda Hajiya da ta fito daga Harami jiya ba lallai ta so ba. Ni kaina zuciyata ba ta cika kwanciya da shi ba. Dabba ce mai wayo da ke yin tafiyar kilomitoci a teku, ganinta tana tsalle cikin kududdufi don a jefa mata kifi yana sosa mini rai. Tikitinsa daban ne, don haka kowane gida na iya yanke nasa hukuncin.

Idan an tsayar da Jidda, tsarin ranar shi ne abin lura. Ni dai shawarata a bar shi sai ranar ƙarshe, bayan an yi ɗawafin bankwana an fito Makka. Kada a kuskura a ce za a tsaya ranar isowa, mutane na cikin harami, ga gajiya, ga zuciya ta riga ta yi gaba. Tsakanin Makka da Jidda bai kai kilomita 100 ba. Akwai jirgin ƙasa mai gudu na Haramain da ya fara aiki a 2018, yana tsayawa a cikin Jidda da kuma filin jirgi, amma yana da iyakar kayan da mutum zai ɗauka, mu kuwa an san mu da tsaraba. Ga iyali mai mutum shida ya fi sauƙi a yi jinga da mota ɗaya babba, a yi magana da direban tun farko cewa zai jira awa uku a Kurnish da kayan a ciki, sannan ya kai filin jirgi. A daidaita kuɗin jira kafin a hau. A kuma bar tazara mai yawa, domin layin auna kaya da karɓar zamzam ba ya gajarta don wani ya je kallon kifi.

A guji Juma'a da Asabar, su ne ranakun hutun Saudiyya, gari kan fito bakin teku da yamma. Wanda za shi Dubai kuma ya sani tun Janairun 2022 hutunsu ya koma Asabar da Lahadi. A watan azumi lokutan buɗewa kan sauya gaba ɗaya, yawanci su koma dare, kuma wanda ya je goman ƙarshe bai je don kifi ba. A duba lokacin buɗewa da na wasan dolfin a shafinsu na intanet kwana ɗaya kafin a tashi. In lokacin salla ya riske ku, masallacin Rahma da aka gina a kan ruwa yana can arewa kaɗan a kan titin, in teku ta cika sai ka ga kamar yana iyo. In kuma jirgin na tsakar dare ne, bayan magariba ana hango ruwan nan na Sarki Fahad da ke feshi sama fiye da mita 300.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba: a sabon ginin filin jirgin Jidda, wanda ake kira na ɗaya, akwai wani dogon tankin kifi zagayayye mai tsayin mita 14 da ruwa lita miliyan ɗaya, a zauren masu isowa, kallonsa kyauta. Wanda jirginsa ya sauka ta wannan ginin ya riga ya sami ɗanɗano. Alhazan aikin Hajji da ke tashi daga filin jirgin Sir Ahmadu Bello na Birnin Kebbi ba nan ake sauke su ba, suna da nasu zangon, kuma su tafiyarsu a hannun hukuma take, ba su da sararin irin wannan yawo.

Su waye zan ce su zaɓi Dubai? Ɗan kasuwar da ke da biza a hannu kuma dama za shi, ya ga dama ya ɗauki ɗansa ko 'yarsa da suka kai shekara goma zuwa sama. Ga irin wannan, safiyar ranar aiki da zarar an buɗe ita ce lokaci, kafin kasuwar ta cika. Jirgin ƙasa na cikin gari yana da tasha mai sunan kasuwar, amma daga tashar zuwa ciki doguwar gada ce ta kusan kilomita ɗaya, wanda ke da tsoho ya hau tasi. Dogon benen Burj Khalifa mai mita 828 yana jingine da wurin, sai a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

A duk inda aka je, a hana yara ƙwanƙwasa gilashi, domin ƙara tana tafiya cikin ruwa fiye da cikin iska, abin da ka ji kaɗan kifi yana jinsa da ƙarfi. A kashe walƙiyar kyamara. Ƙananan yara wasu kan tsorata a cikin lungun idan shak ya taho ta sama, a riƙe hannun auta ko a saɓa ta tun kafin a shiga.

Yaya ta koma wurin wakilin ta ce a cire Dubai. Abin da aka rage ya isa ya ƙara musu kwana biyu a Madina, Hajiya kuwa abin da take roƙo ke nan tun farko. Na ba babban yaron aiki kafin su tashi: ya je wurin Kawu da littafi, su zauna bakin Matan Fada, ya rubuta sunan duk kifin da Kawu ya sani da siffarsa, in ya je Jidda ya nemo wanda ya yi kama da kowanne. Shekaranjiya ya kira ni ya ce sun kai 23, kuma Kawu ya ce ba a ma shiga na Yawuri ba tukuna.